Bazarar Da Na Yi A Kwance

"Wa ya ce ki tashi?"

Ban ji shigowarsa ba. Ina tsaye a bakin taga, na jingina goshina da ƙarfen, ina neman ko 'yar iska ce ta taɓa ni. Da na waiga sai na gan shi a bakin ƙofa, jakar kayan aiki a hannu, rigarsa ta manne masa a jiki saboda gumi.

"Taga kawai na leƙa..."

"Likita ta ce ki leƙa taga?"

"Taku huɗu ne fa daga gado."

"Huɗu zuwa, huɗu komawa, takwas ke nan." Ya ajiye jakar a hankali. "Don girman Allah koma ki kwanta."

"Ni mutum ce, Injiniya. Ni ba tulu ba ce da za a jingine a lungu a ce kada ya motsa."

Ya zo ya tsaya a bayana, ya buɗe hannuwa kamar mai tare yaron da ke koyon tafiya, amma ko rigata bai taɓa ba. A haka ya raka ni har gado. Ya gyara matashin da ake ɗora mini ƙafa a kai, ya ɗauki kwalin magani ya leƙa.

"Kin sha na rana?"

"Na sha."

"To."

Ya fita. Hirarmu ta yinin ranar ke nan.

Mijina mai gyaran firij ne da na'urar sanyaya ɗaki. Duk unguwa Injiniya ake ce masa, har mahaifiyarsa ma haka take kiransa. A kantin maganin da nake aiki muka haɗu. Firijinmu ya lalace, ya gyara shi cikin awa ɗaya, amma sai da ya dawo sau bakwai wai yana duba lafiyarsa. A zuwa na bakwai mai kantin ya ce masa, "Malam, firij dai ya warke, kai ne da saura." A lokacin mutum ne mai barkwanci. Idan ya fara ba'a sai na riƙe ciki ina roƙonsa ya bari.

Shekararmu huɗu da aure, ciki biyu suka zube. Na farko yana wata uku. Na biyu a bazarar bara, yana wata shida, namiji.

Ranar, yayyensa mata ne suka shirya fita da yara bakin tafki, kamar yadda suke yi duk shekara idan zafi ya tsananta. Shi ya ce mu zauna a gida. Ni na nace, na yi shagwaɓa, har da kumbure-kumbure, na ce zafi zai dafa ni a ɗaki. Ya kai ni. Muka dawo da yamma lafiya lau, washegari aka wuce da ni asibiti. Shi ya ɗauki yaron ya kai shi makwancinsa, ni ko fuskarsa ban gani ba.

Daga ranar bai taɓa ɗauko mini maganar ba, ni ma ban ɗauko masa ba. Likita ta ce ba fitar ba ce, bakin mahaifata ne ba shi da ƙarfi. Amma zuciya ba ta karanta takardar asibiti. Duk lokacin da ya yi shiru, abu ɗaya nake ji yana faɗa mini: da kin ji maganata.

Yanzu ga na uku. An ɗaure bakin mahaifar, aka ce in kwanta, kada in tashi sai banɗaki. Mako bakwai ke nan ina kwance, kuma cikin ya shiga wata shida, daidai inda wancan ya tsaya.

Ɗakinmu a saman bene yake, bangonsa yana kallon yamma. Daga azahar rana take zama a jikinsa, kafin la'asar idan ka ɗora hannu sai ka janye. Ya saka mini na'urar sanyi da hannunsa, amma wuta sai ta ga dama take zuwa. Sai 'yar fanka mai caji, mai kwaso iska mai ɗumi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Na haddace duk wata tsaga da ke jikin silin. Na san lokacin da mai kankana yake wucewa da baronsa, na san lokacin da maƙwabciya take kakkaɓe shanya. Duniya duk ta koma mini sauti.

Mahaifiyarsa, Mama, ta rufe gidanta ta dawo wurinmu. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma shi kaɗai ne bai ba ta jika ba. Allah ne shaida, ba ta taɓa gaya mini magana marar daɗi ba. Ita ke mini wanki, ita ke goge mini baya da jiƙaƙƙen tawul. Amma sau goma a rana sai ta leƙo ta ce, "Ya motsa?" In na ce e, ta yi hamdala ta koma.

Wani alherin nauyi gare shi. Yadda take tafiya da sanɗa a cikin gidan, yadda shi ya koma kwana a tabarma wai kada ya buge ni cikin barci, sai na ji kamar ni ba matar gida ba ce, akwatin ajiya ce, kowa abin da ke ciki yake gadi.

Kuma ba ni da bakin ƙorafi. Wa zan kai wa ƙara? In ce ana kula da ni da yawa?

Ranar Laraba bayan la'asar sai na jiyo wata murya tun daga matakala.

"Salamu alaikum masu gida... Wayyo gwiwata. Wanda ya gina benen nan bai taɓa ganin bazara ba."

Aminiyata ce tun makarantar kwana. Rediyo muke ce mata, don idan ta kunnu sai dai a ɗauke wuta. Malamar firamare ce, 'ya'yanta uku. Rabona da ita tun kafin in kwanta, don Injiniya ya hana baƙi, wai hayaniya. Amma Mama ta kasa ce mata a'a. Babu mai iyawa.

Ta shigo da leda a hannu ɗaya, rabin kankana a ɗayan, ta zube a bakin gado tana fifita da mayafi.

"Ke 'yar gata, kina nan a kwance kamar sarauniya, mu muna can muna soyuwa."

"Zo mu yi musaya."

"Da gudu ma. Ki karɓi yara uku da ubansu, in karɓi gado." Ta dube ni da kyau, sai dariyarta ta ɗan ragu. "Kin yi fari... amma idonki ya faɗa."

"Zafi ne."

"Zafi kam ai bana ba a magana. Shekaranjiya na bar silifas ɗina a bakin ƙofa, na fito na tarar ya yi laushi kamar cingam. Kajina sun yi yajin ƙwai. Autana kuwa ƙurajen zafi sun cika masa wuya, na bulbule shi da hoda, ubansa ya shigo ya gan shi a duhu ya fara karanto addu'a."

Dariya ta ƙwace mini. Har na ji baƙon abu a haƙarƙarina, don na manta rabon da in yi ta.

"Kada ki sa ta dariya da yawa," in ji Mama daga bakin ƙofa.

"Mama, dariya ai magani ce, kuma kyauta ake ba da ita." Rediyo ta kwance ledar. Ƙamshi ya cika ɗakin tun kafin in ga abin da ke ciki. "Mangwaro ne, irin mai zaren nan da take so. Bana ya yi 'ya'ya kamar ya san za a yi zafi."

Mama ta leƙa ledar. "An ce mangwaro yana da zafi ga mai ciki..."

"'Ya'yana uku, Mama, duk da mangwaro na raine su a ciki. Shi ya sa suka fito da baki."

"Wannan kuma gado ne, ba mangwaro ba," in ji Mama.

Muka kwashe da dariya mu uku. Mama da kanta ta je ta ɗauko wuƙa da roba.

A kishingiɗe na sha mangwaron. Ruwan ya bi mini hannu har gwiwar hannu, zaren ya maƙale mini a haƙori, ban damu ba. Na sha ɗaya, na sha na biyu. Rediyo ta yanka kankanar tana cire mini 'ya'yan da bakin wuƙa. Mama ta ɗauki yanka ɗaya ta koma kicin.

"Ba ni labarin waje," na ce. "Ko me ne ne. Ko faɗan masu mota ne."

"Ai kin zo wurin. Asabar ɗin nan da ta wuce muka kwashi yara muka je bakin tafki..." Sai ta tsaya, ta dube ni. Ta san abin da wurin yake a wurina.

"Ci gaba. Ba komai."

"Kin tabbata?"

"Tafkin bai yi mini laifi ba."

Ta gyara zama. "Mu goma sha ɗaya a mota ɗaya, har da facalata da nata ayarin. Ba mu yi rabin hanya ba mota ta ɗauki zafi, sai da muka ɗura mata ruwan shanmu a lagireto. Da muka isa, maigidana mai dabara ya ce a saka kankana a cikin tafki ta yi sanyi. Muna shimfiɗa tabarma sai babbar 'yata ta ce, Baba, kankana ta tafi. Ke, ki ga mutum da girmansa ya naɗe wando yana bin kankana, yana ce mata tsaya, kamar akuya."

"Ya kamo ta?"

"Ina. Tana can ta yi gaba, wani mai rabon zai sha. Muka dawo da ƙishi da baƙin ciki. A hanyar dawowa ma har Injiniya muka..."

Ta yi shiru. Rediyo ba ta yin shiru.

"Kuka me?"

"A'a, ba komai. Ci kankanarki."

"Ranar Asabar yana wurin aiki. Ɗakin sanyi na masu kifi yake gyarawa, mako huɗu ke nan duk Asabar."

"To... ƙila mai kama da shi ne."

"Rediyo."

"Na'am."

"Dube ni."

Ta ɗago. Idonta ya kawo ruwa. Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Wallahi ban zo don in faɗa miki ba. Kin san mahaɗar nan, inda hanyar burji ta rabu da kwalta? A nan muka ga motarsa a gefe, mai hoton firij ɗin nan a jiki. Muka ɗauka lalacewa ta yi. Maigidana ya sauka ya je ya taimaka masa. Sai ya tarar da shi ya kifa kai a sitiyari..."

"Barci?"

"Kuka. Irin kukan da babba ba ya yi sai ya tabbata babu mai ganinsa. Ya roƙi maigidana kada ki ji. Shi kuma ya faɗa mini, alhali ya san wadda ya aura."

Abin da ya fara zuwa mini haushi ne. Ni an kulle ni a ɗaki, taku huɗu ma an hana ni, shi yana can yana yawo a hanyar tafki. Sai kuma hanyar burjin ta faɗo mini a rai. Na manta da ita gaba ɗaya. Ranar fitarmu ta bara, da za mu dawo, motoci sun cunkushe a kwalta, sai ya ce ya san wata 'yar hanya. Ramuka ne tun daga farkonta har ƙarshe. Har dariya na riƙa yi ina ce masa ɗanka ya ce a gaishe ka.

Na ajiye kankanar.

"Na yi ɓarna ko?" in ji Rediyo.

"A'a."

"Ni dai abin da na gani, gida ɗaya kuke, amma kowa shi kaɗai yake ƙonewa." Ta goge mini hannu da gefen mayafinta. "Bari ya dawo. Zan san yadda zan yi da Mama."

Ba a jima ba muka ji ƙarar motarsa a ƙasa. Yana shigowa falo Rediyo ta tarye shi da gaisuwa, ba ta ba shi damar tambayar wa ya bar ta ta shigo ba. Sai na ji tana cewa, "Mama, ɗauko mayafinki ki raka ni bakin titi. Mako bakwai ba ki taka ƙasa ba, ke ma an ɗaure miki wani abin ne?" Mama tana a'a, tana amma, har aka ja ƙofa.

Ya leƙo ɗakin. Idonsa ya sauka a kan robar ɓawon mangwaro.

"An tambayi likita kafin ki sha wannan?"

"Zauna."

"Bari in watsa ruwa tukuna..."

"Idan ba ka zauna ba, wallahi zan tashi in sauka benen nan da ƙafata."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ya nufi tabarmarsa.

"Ba nan ba. Nan."

Ya ɗosana a can ƙarshen gado, kamar baƙon da ya zo gaisuwa.

"Yaya ɗakin sanyin masu kifi?"

Fankar ta juya ta dawo, ta sake juyawa.

"Rediyo ce ko?" ya ce a ƙarshe.

"Me kake zuwa yi a mahaɗar?"

"Ba komai. Zama kawai."

"Mutum ba ya tuƙa mota cikin wannan ranar ya je ya yi zama kawai."

"Likita ta ce kada ranki ya ɓaci..."

"Raina ya shekara a ɓace, ba ka lura ba? Shekara guda kana hukunta ni da shiru. Na sani ni na nace. Na sani ka ce mu zauna na ƙi. Ka faɗa mini mana. Ka ce ni na kashe maka ɗa, in ji da kunnena, ko na huta."

Ya juyo gaba ɗaya, bakinsa a buɗe.

"Ke? Me kika ce?"

"Abin da kake faɗa a ranka kullum."

"Inna lillahi..." Ya dafe kai da hannu biyu. "Abin da kike tunani ke nan? Duk tsawon wannan lokacin?"

"To me zan yi tunani? Ba ka kallona. Ba ka taɓa ni. Magani kawai ya haɗa mu."

"Ni na bi hanyar." Muryarsa ta karye. "Ni na bar kwalta. Don kada mu yi minti ashirin a cunkoso. Minti ashirin... Kina dariya, ni ma ina dariya, ina jefa ki rami bayan rami. Kullum na rufe ido sai na ga mahaɗar nan. Ina zuwa ne in tsaya a wurin, in ce da na miƙe. Da na miƙe kawai."

"Likita ta ce ba hanya ba ce."

"Ke ma ta ce miki ba fitar ba ce. Kin yarda?"

Hawaye suka gangaro mini har cikin kunne, don a kwance nake.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In faɗa miki a ina? A gadon asibiti? Ko yanzu, da ko tari kika yi sai gabana ya faɗi?" Ya share fuska da hannun riga. "Idan na shigo nan ke kina kallona. Idan na fita falo Mama tana kallona. A wurin aiki kowa yana jiran in sanyaya masa gida. Ke an kulle ki a ɗaki, na sani, kuma ni na kulle ki. Amma ni ko ɗakin da zan shiga in yi kuka ba ni da shi."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ko a asibiti bai yi ba.

"Zan tambaye ka wani abu," na ce. "Kada ka ce raina zai ɓaci."

"Ina ji."

"Yaya kamanninsa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ƙarami ne. Bai cika tafukan hannuna biyu ba. Amma komai nasa ya fito... Gashi a kwance, baƙi wuluk. Goshinki ne da shi sak." Ya buɗe hannuwansa a kan cinya yana kallonsu. "Da waɗannan na ɗauke shi. Da su na kwantar da shi. Tun ranar, idan na kawo hannu kusa da cikinki sai in ji kamar... kamar ba hannun da ya kamata ba ne."

Na yi kuka sosai. Ba irin wanda nake yi a ɓoye cikin matashi ba, kuka mai sauti, wanda na shekara ina bin kaina bashinsa. Shi ma bai hana ni ba, bai ambaci likita ba. Ya sunkuyo ya ɗora goshinsa a kan nawa.

"Ki yafe mini, abar ƙaunata. Na zaci ina kare ki ne."

"Kai ma ka yafe mini. Na zaci ka tsane ni."

"In tsane ki in so wa?"

"Hau ka kwanta. Gadon nan na mutum biyu ne."

"Jikina duk gumi..."

"Ni ma ai ba turare nake ba."

Ya yi 'yar dariya, hanci a toshe. Ya hau ya kwanta a bayana, a sandare kamar katako. Na kamo hannunsa zan kai kan cikina, sai na ji ya ƙage. Ban tilasta masa ba. Na riƙe shi a ƙirjina kawai.

A haka Mama ta dawo ta same mu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi tabarmar da ba kowa a kai, ta dube mu. Ta sunkuya ta naɗe tabarmar, ta fita da ita.

Ba zan ce komai ya canja ba. Bangon bai daina zafi ba, wuta ba ta daina wasa da hankalinmu ba, kuma ban daina kwanciya ba. Akwai ranakun da nake jin kamar in fasa ihu. Akwai ranar da na ga ɗan jini, muka yini ba mai iya haɗiyar ruwa har likita ta ce ba komai. Amma ranar Asabar ya daina fita. Yakan zauna ya ba ni labarin gidajen da ya shiga: matar da ta rantse firijinta aljanu ne da shi, ashe ɓera ne ya ci waya, da alhajin da ya saka na'urar sanyi a ɗakin kyanwarsa. Wani lokacin kuma mu yi maganar yaronmu, mu yi kuka, mu share. Rediyo ta samu lasin zuwa duk Laraba, Mama ce ma take tambaya idan ta makara.

Hannunsa dai bai taɓa kai wa cikin ba. Ban sake matsa masa ba.

Mako takwas bayan haka, da hantsi, ruwa ya fashe mini. Saura mako shida a lissafin likita. Na tuna fuskarsa a bakin ƙofar tiyata, leɓɓansa suna motsi, sauti ba ya fita. Daga nan ban san komai ba.

Da na farfaɗo Mama ce a kaina, tana kuka tana dariya.

"Mace ce, 'yata. Tana da rai. An saka ta a kwalba, amma tana da rai. Sannu... sannu da ƙoƙari."

Sai washegari aka yarda in gan ta. Shi ya tura ni a keken marasa lafiya har ɗakin jarirai. Aka ba mu riguna, aka ce mu wanke hannu. Ya wanke, ya sake wankewa, ya koma na uku, har wata nas ta ce, "Malam, fatar za ka cire?"

Tana kwance a cikin gilashi, 'yar mitsitsiya, ja jawur, da siririn bututu a hanci. Ƙirjinta yana hawa yana sauka da sauri kamar na tsuntsu. Na zura hannu ta 'yar ƙofar da ke gefe na shafa ƙafarta. Ɗumi. Na rasa abin faɗa sai sunan Allah.

"Baban ma zai iya taɓa ta," in ji nas ɗin. "Suna jin hannun iyayensu."

Ya ja da baya taku ɗaya. "A'a... bari dai ta ƙara ƙwari."

Na janye hannuna, na bar 'yar ƙofar a buɗe.

Ya daɗe a tsaye. Nas ɗin ta wuce wurin wani jaririn, ta dawo, yana nan. Sannan ya durƙusa a kan gwiwoyinsa har fuskarsa ta zo daidai da gilashin. Ya ɗaga hannu, ya zura a hankali. Ya ɗora yatsa ɗaya a tafin hannunta.

Ta motsa. 'Yan yatsunta suka naɗe a kan nasa, ko rabinsa ba su zagaye ba.

Kafaɗunsa suka fara girgiza. Na dafa bayansa.

"Sannu da zuwa," ya ce mata, murya can ƙasa. "Ni ne babanki. Ki yi haƙuri, hannun da kaushi... amma ki riƙe. Kada ki saki."